Dada Ta Riga Ta Yi Sadaka

Wurno, Birnin Kudu,
Jihar Jigawa.

Zuwa ga yayana Ƙasimu, a Fatakwal,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Khuzaima da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara buɗi a kasuwar albasa, ya tsare ku daga sharrin hanya, ya ba ku juriyar wannan ruwa naku da ba ya ɗaukewa. Mu nan alhamdulillahi. Maigidana Malam Ismail yana can Gwaram da yara, ƙafar tasa ta yi sauƙi har ya koma hawa babur. Damina ta yi kyau daidai gwargwado, gero da dawa sun shigo gida, riɗi ne dai ruwan ƙarshe ya ɗan taɓa. Kawu Hambali ya tayar da katangar gidan uwarmu Dada da ta zube ta wajen rijiya, kuma tunkiyar nan mai baƙin kunne ta haihu lafiya.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali ga waya a hannun kowa. Dalilin shi ne a waya ba ka taɓa bari na kai ƙarshen magana ba. Da na ambaci Dada sai ka ce kana da mai sayen kaya a gabanka, ko ka ce in daina ɗaga hankali, ko layi ya lalace daidai lokacin da ya kamata ya lalace. Takarda kuwa ba ta da wurin katsewa. Na ba direban da ke kai muku albasa, na kuma roƙe shi ya sa ta a hannunka, ba a hannun wani ba. Ka lura da cewa daga Wurno nake rubuto maka, ba daga Gwaram ba. Na nemi hutu a makaranta, na baro mijina da 'ya'yana, ina zaune a ɗakin uwarmu. Ka karanta har ƙarshe, Yaya, ko da ranka zai ɓaci, domin nawa ya daɗe da ɓaci.

Bari in tuna maka daga farko, don na lura a wurinka labarin ya riga ya ƙare da daɗi. Bara kafin azumi na kai Dada babban asibiti a Birnin Kudu saboda hazo-hazon da take gani da ƙarar da kunnenta ke yi. Mu ido muka je nema wa magani. Aka ɗaura mata abin awo a hannu, aka sake ɗaurawa, sai ma'aikaciyar jinyar ta dube ni ta ce in zauna. Sista Jane sunanta, ba 'yar nan ba ce, amma Hausarta ba ta da maraba da tamu. Ta ce Dada tana da hawan jini, kuma ya daɗe a jikinta. Ta yi mana bayani a natse, ta ce ciwo ne da ba ya ihu, mutum zai yi noma da shi, ya ci tuwo da shi, ya yi dariya da shi, yana can yana cin jijiyoyinsa bai sani ba. Ta ce ƙwayar da za a ba ta kullum ake sha, ko kai na ciwo ko ba ya ciwo, domin ba warkar da shi take yi ba, riƙe shi take yi, kamar akuyar da aka turke da damina: igiya ba ta canza mata hali, ranar da aka kwance ta sai gona. Ta ce a rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa. A cikin bas muna dawowa Dada ta ce wannan yarinya akwai ladabi, amma ta yi saɓo ba ta sani ba, don ta yaya ɗan Adam zai buɗi baki ya ce ciwo ba ya warkewa, ita ce ta saukar da shi? Duk da haka ta sha, saboda na yi ta naci har da kuka. Kafin a gama azumi ƙarar kunnen ta tafi, barcinta ya daidaita, ta koma zuwa unguwa da ƙafarta.

Sai ka aiko da na'urar awo. Na gode maka a lokacin, kuma har yanzu ban janye godiyar ba, don da kyakkyawar niyya ka saya. Dada ta naɗe ta a sabon zane ta sa a adaka, ba ta kiranta da komai sai na'urar Ƙasimu. Matan unguwa suka riƙa zuwa ana ɗaura musu, tana zaune tana ba su labarin ɗanta na Fatakwal. Duk lokacin da aka gwada Dada lamba ta yi kyau, kuma dole ta yi kyau tunda tana shan magani. Ranar da ka bugo aka karanta maka lambar, ina zaune a gefen tabarma, wayar a buɗe kowa na ji. Da kunnena na ji ka ce alhamdulillahi, Dada ai kin warke. Ka ce ta ajiye ƙwayoyin asibiti, wai cin ƙoda suke yi, ka ga wani mai magani ya yi bayani a waya, kuma za ka aiko mata da zuma ta riƙa haɗawa da tafarnuwa. Na karɓi wayar na ce maka ba haka aka ce mana ba, kyan lambar aikin maganin ne. Ka yi dariya ka ce Lailatu kin cika tsoro, koyar da 'yan firamare bai mai da ke likita ba. Gaskiyarka, bai mai da ni ba. Sai dai ban san ranar da sayar da albasa ya mai da kai ba.

Juma'ar da ta biyo baya Dada ta yi sadaka. Ba ta gaya mini ba, don ta san abin da zan ce. Na sauka daga acaɓa a ƙofar gida na tarar da hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, tanda biyu a wuta ana suyar waina, ga kunun gyaɗa a manyan robobi, ga zakaru an yanka. An kai masallaci, an kai gidajen maƙwabta, har Yalwan Damai aka aika wa dangin Baba da nasu. Bayan an sauko Juma'a liman ya zo da mutanensa suka zauna a zaure, aka yi addu'a, aka gode wa Allah da ya yaye wa baiwarsa ciwon da likitoci suka ce ba ya rabuwa da mutum. Mata suka yi ta guɗa. Dada ta sha sabuwar atamfa tana ta washe baki, duk wadda ta shigo sai ta ce mata Ƙasimu ne ya fara ganewa, tun daga can. Sauran ƙwayoyin da suka rage ta ƙulla su a leda kashi-kashi ta raba wa masu ciwon kai, wai ita ta gama da su, kada su lalace a banza. Na ja ta ɗaki na durƙusa na roƙe ta. Ta ce in tashi, kada in ɓata mata ranar godiya. Ko loma ɗaya ban iya ci a wainar nan ba.

Ka tuna Inna Munawwara, maƙwabciyarmu ta bayan katanga, wadda ta goya ka lokacin da Dada take da cikina. Ita ma tana da hawan jini, ta riga Dada sani da shekaru, kuma ba ta wasa da zuwa karɓar maganinta. Tana cikin masu suyar waina ranar. Bayan an watse ta ce a ɗaura mata na'urar Ƙasimu, lambarta ta yi kyau, sai ta ce ashe ita ma ta daɗe da warkewa ba a gaya mata ba, ana ta wahalar da ita da hanyar Birnin Kudu. Ta ajiye nata. Da damina ta yi nisa ta faɗi a bakin turmi tana daka. Ta yi kwanaki a kwance ba baki, ido kawai take juyawa, 'ya'yanta na juya ta suna share ta, kafin Allah ya karɓi abinsa. Kowa ya ce ajali, ni ma na ce ajali, don ba wanda ke wuce kwanansa. Amma da muka je wankanta, a ƙarƙashin matashinta muka tarar da kwalin maganin ko rabi ba a sha ba. Ka bugo ka yi wa 'ya'yanta ta'aziyya, ka yi addu'a mai kyau. Ba wanda ya gaya maka dalilin da ya sa ta daina sha. Kunyarka suke ji, kai ne babban ɗan gidan da ke aiko wa unguwa da alheri. Ni yanzu na gaya maka.

Na ɗauka mutuwar Inna za ta girgiza Dada. Ta girgiza ta kam, ta yi kuka har ta rame, amma ba ta haɗa wannan da wancan ba. Ita ma na'urar ta fara nuna lambar da ba ta so. Da farko ta ce batir ne ya yi sanyi, aka canza. Sai ta ce matan unguwa sun gajiyar da ita da yawan ɗaurawa. Daga ƙarshe ta naɗe ta ta mayar adaka, ta ce kada wanda ya sake fito da ita. Idan na yi magana sai ta ce mai jiki shi ya san jikinsa, ita ba ta jin komai, ga shi tana daka tana shara, wane irin ciwo ne wannan da mai shi ba ya ji? In ƙeyarta ta yi nauyi sai ta aika a kira wanzami ya kafa mata ƙaho, ta nuna mini baƙin jinin da ya fito ta ce ga ragowar nan an zuƙe. Zumarka kuwa ba ta taɓa fashin sha ba, da bismillah take buɗe kwalbar.

Da aka shigo da gero tana tsakar gida tana sheƙa, sai ƙwaryar ta suɓuce daga hannunta na dama. Matar Kawu Hambali ta ce ta waiwayo ta ga bakin Dada ya karkace, tana son magana tana fitowa a dagule kamar mai tuwo a baki. Kafin in iso daga Gwaram an yi mata hayaƙi, an ba ta rubutu, ana cewa iska ce ta shafe ta. Na ce a nemo mota. A asibiti likita ya ce jini ne ya gaza kaiwa wani sashe na ƙwaƙwalwarta na ɗan lokaci, kuma wannan gargaɗi ne kawai. Ya ce wanda zai biyo baya yana iya ɗauke rabin jikinta, yana iya ɗauke ta gaba ɗaya, kuma ba ya sallama kafin ya shigo. Bakin ya dawo, sai in tana dariya ake gane ya ɗan ja gefe. Hannun ne bai dawo duka ba. Ba ta iya zura zare a allura, ba ta iya ɗaura ɗankwali da kanta, carbi ma da hagu take ja. Da na bugo maka daga bakin asibiti, ka ce alhamdulillahi tunda ta tashi, tsufa ne, kada a tsoratar da ita da maganganun likitoci.

Sista Jane ta gane ta. Ba ta yi mata faɗa ba, ta zauna a bakin gado ta riƙe hannun ta tambaye ta a hankali me ya sa ta bar magani. A nan na ji abin da ban taɓa ji daga bakin Dada ba. Ta ce ita ta riga ta tsaya a gaban Allah da gaban mutane ta ce ta warke, ta ciyar da su a kan haka, liman ya shafa fatiha. Yanzu in ta koma haɗiyar ƙwaya, me za ta ce wa Ubangiji, ta karɓe godiyarta? Kuma me mutanen Wurno za su ce, ba cewa za su yi ɗanta ya yaudare ta ba, ko bai san abin da yake faɗa ba? Sista ta ce shan magani ba ya soke godiya. Dada ta ce ta ji, Allah ya yi mata albarka. Da muka dawo gida na je na sami liman da kaina, na ba shi labari duka. Bawan Allah ya taso ya zo har ɗaki, ya ce mata sadakarta tana nan a karɓe in sha Allahu, neman magani kuma ba butulci ba ne, addini ne ya yi umarni da shi, shi kansa yana shan na sukari kullum. Ta saurare shi da ladabi, ta sa aka ba shi goro. Yana fita ta ce Malam ya faɗi nasa, amma ba shi ya haifi Ƙasimu ba. A lokacin na gane inda maganar take. Zancen sadaka liman ya warware mata shi. Abin da ya rage shi ne kai. Dada ta gwammace ta faɗi a bakin turmi da a ce maganarka ta faɗi a Wurno.

Da na ga ba hanya sai na fara niƙa ƙwayar da bayan cokali ina zuba mata a kunu da safe. Ba na neman gafarar kowa a kan wannan, kuma da zan samu dama gobe zan sake. Abin ya yi aiki na ɗan lokaci, nauyin ƙeyar ya ragu, ita kuma tana cewa zumar Ƙasimu ce. Sai wata safiya ta fito alwala ta tarar da ni a madafa da cokalin a hannu. Ba ta yi tsawa ba. Ta ɗauki kofin da hagunta ta tuttular a ƙasa, ta wanke shi da kanta, ta koma ɗaki. Tun ranar ba ta sake cin abin da hannuna ya taɓa ba. Matar Kawu ce ke aiko mata da abinci a rufe, in kuma ta ga na gifta kusa da kwanon sai ta ce ta ƙoshi. Ruwan sha da kanta take ɗiba a randa, tana zubar da rabi a hanya saboda hannun. Ta daina kirana Lailatu, Malama take ce mini, kamar baƙuwar da gwamnati ta turo. Muna kwana ɗaki ɗaya, ina jin numfashinta, ina taya ta ɗaura zane, amma uwar da ta haife ni tana tsoron abincina.

Ba zan ɓoye maka ba, Yaya, ina jin haushinka ƙwarai. Ni ce mai bin layin asibiti, ni ce mai wanki, ni na baro yara ƙanana a hannun uwar mijina, kuma duk maganar da na yi a gidan nan iska ce. Kai kuwa kana can inda ba ka ganin karkacewar bakinta, ka furta kalma ɗaya tsakanin ciniki da ciniki, ta zama doka har da yankan zakaru. Ban ce ka yi da mugunta ba. Na san kana son Dada, na san da za a ce ka ba da ƙodarka za ka bayar. Amma na san ka tun muna yara, ba ka iya cewa na yi kuskure. Ko hanya ka ɓatar da mu sai ka ce dama nan ka nufa. Wannan karon ba hanyar kasuwa ba ce.

Ga abin da nake nema, kuma shi kaɗai ne. Kada ka aiko da wata na'ura, kada ka aiko da zuma, kada ka turo mini bayanin wani mai magani. Ka zo da kanka in za ka iya. In ba za ka iya ba, ka bugo ranar Juma'a da yamma lokacin da mata ke taruwa a tsakar gida, in buɗe wayar kamar yadda aka buɗe ta wancan karon. Ka ce mata a gabansu kai ne ka yi kuskure, ba ta warke ba, maganin ne ya riƙe ciwon, kuma kai Ƙasimu kana roƙonta ta koma sha kullum har iyakar ranta. Kada ka lulluɓe maganar, kada ka ce ta ɗan riƙa sha kafin a gani. Ka faɗe ta da ƙarfin da ka faɗi ta farko, domin akwai sauran matan unguwar da suka ajiye nasu tun ranar wainar nan, kuma su ma daga bakinka suke jira. In ka faɗa, nauyin ya sauka daga kanta ya koma kanka, kai kuma za ka iya ɗauka. Kunya ce ta yini ɗaya. Maganin yana nan a jakata, likita ya rubuta sabo, ba abin da ya rage sai bakinka.

Ka gaishe mini da Anti Khuzaima da kyau, ka ce mata na gode da turaren da ta aiko. Ka shafa mini kan Abdulnasir, Allah ya ba shi sa'ar jarrabawa, da Nasiha sarkin surutu, ka ce gwaggonta tana kewarta. Kawu Hambali da iyalinsa suna gaishe ka, haka Malam Ismail, haka 'ya'yan marigayiya Inna Munawwara.

Dada ta ga ina rubutu ta tambaye ni wa nake rubuta wa. Da na ce kai ne fuskarta ta saki, rabon da in ga haka tun kafin ta daina cin abincina. Ta ce in gaishe ka, in gaya maka tana nan lafiya ƙalau, kada ka sa damuwa a ranka ka bar kasuwarka. Ta ce in tabbatar maka tun ranar da ka ce ta ajiye ƙwayar nan ba ta sake sa ko ɗaya a bakinta da saninta ba, kuma ba za ta sa ba ko wa zai zo, Allah ya yi maka albarka. Ta sa na maimaita mata don ta ji ban rage komai ba. To, na isar.

Wassalam. Ƙanwarka,
Lailatu.